FORAJ KO BOHOL? TARIHIN DA KE CIKIN BAKIN MUTANEN KOMADUGU



Duk wanda ya san jahar Diffa ya san Sayam Foraj, ko da bai taɓa taka ƙafa can ba. Sansani ne da hukumar HCR ta buɗe a ƙarshen watan Disamban 2014, sama da kilomita 40 daga garin Diffa, domin 'yan'uwanmu da rikici ya koro daga ƙetaren kogi. To amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa tsayawa suka saurari sunan shi kansa? Rabin farko sunan wurin ne, inda dama aka san shi da gidan kiwon shanun Kuri na gwamnati. Rabi na biyu kuwa Faransanci ne, ma'anarsa rijiyar burtsatse. Mutanen Damasak da Malam Fatori da aka sauke a wurin, su a gida bohol suke ce wa irin wannan rijiya, daga Ingilishi. Kun ga ke nan, rijiya ɗaya suna uku: foraj, bohol, burtsatse. Kuma kowa ya san inda zai kai jarkarsa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne kukan da muke yawan ji daga iyaye da malamai, cewa bakin yaran yanzu ya lalace. Yaro zai buɗe baki da Hausa, ya jefa “donk” da “vwala” a tsakiya, ya ƙarasa da “oke” da “sori”, kakarsa tana zaune tana kallonsa kamar baƙo. Kukan yana da dalili, kuma za mu zo kansa. Amma bari mu fara komawa baya mu ga yaushe wannan cuɗanya ta soma a bakin Komadugu, da kuma wa ya kawo kowace kalma. Idan muka san haka, sai mu fi gane abin da ya kamata mu ji tsoro da abin da bai kai a tayar da hankali ba.

KAFIN ZUWAN TURAWA

Wajajen shekarar 1470 Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu kusa da kogin nan namu, a yankin Gaidam ta jahar Yobe a yau. Fiye da shekara 300 wannan birni shi ne fadar Borno, har zuwa 1808 da mayaƙan jihadi suka ci shi, daga baya Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya gina Kukawa a 1814. A tsawon wannan zamani harshen Kanuri shi ne harshen sarauta da na ilimi a duk wannan shiyya, kuma Hausa ce mai aro. Galadima, Ciroma, Yarima, waɗannan sarautu da ake taƙama da su a Kano da Katsina da Damagaram daga Borno suka tafi. Wani masanin harsuna ɗan Amurka, Joseph Greenberg, ya yi rubutu a 1960 inda ya nuna cewa hatta kalmomin karatu da rubutu ta hanyar Kanuri suka shiga Hausa, haka ma kasuwa, wadda tushenta na can nesa Larabci ne. Wato almajiran ƙasar Hausa da suka riƙa tafiya gabas neman Alƙur'ani sun koma gida da kalmomi a cikin gafakarsu.

Larabci kuwa ba a magana. Ranakun mako daga Litinin har Lahadi, lissafi daga ashirin har casa'in, alƙali, alƙalami, lokaci, duniya, lahira, duka aro ne. Hausawan dauri suna da nasu lissafin, gomiya biyu, gomiya uku, amma yau in ka ce gomiya uku a kasuwar Diffa sai an tambaye ka me kake nufi. Ba wanda ya taɓa tsayar da tsohuwa ya ce mata Talata ba Hausa ba ce. Kalma in ta daɗe a gida, ana mantawa da ranar da ta yi sallama.

Ga kuma yadda Allah Ya zaunar da mu: Mangawa da Mobar a bakin kogi, Buduma a tsibiran tafki, Fulani da Tubawa da Larabawa a dajin kiwo, Hausawa a kasuwa da fatauci. Mutumin wannan ƙasa tun asali da harshe biyu ko uku yake tashi. Ya gaishe ka da “wushe”, ya yi ciniki da Hausa, ya tsokani taubashinsa Bafulatani da Fulatanci.

RANAR DA KOGI YA ZAMA IYAKA

Ranar 5 ga Agustan 1890 Ingila da Faransa suka sa hannu a kan wata takarda, suka ja layi daga garin Say a bakin kogin Kwara har zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi. Eh, Barwar nan tamu ta wajen Boso. Arewa da layin na Faransa, kudu na Ingila. Lokacin babu ko ɗaya daga cikinsu da ke mulkin wurin, Shehu yana Kukawa, Rabe ma bai iso ba sai 1893. Suka sake zama a 1898 da 1904 da 1906 suna gyara layin, domin Faransawa sun ga an bar su da hamada babu hanyar ruwa tsakanin Kwara da Cadi. Tsakanin 1906 da 1908 wani hafsan Faransa mai suna Tilho da takwaransa na Ingila mai suna O'Shee suka bi ƙasa suna kafa alamomi. A nan gabas ba su sha wahala ba, sai suka ce kogin Komadugu shi ne iyaka.

Ga mutanen Mobar wannan kogi tsakar gida ne, gona a wannan gaɓa, surukai a waccan, da rani ma yaro da ƙafa yake ƙetarewa. Rana ɗaya sai aka wayi gari wa yana ƙasar Faransi, ƙane yana ƙasar Ingilishi. Har yau tabon yana nan a rubutun sunayenmu. Mu muna rubuta Chétimari, su suna rubuta Shettimari. Boukar da Bukar, Ousmane da Usman, Komadougou da Komadugu. A baki abu ɗaya ne, a takarda kuwa kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani abin dariya ma shi ne kalmar Turanci kanta. A Maiduguri in an ce yaro ya iya Turanci, Ingilishi ake nufi. A nan gida sau da yawa in tsoho ya ce Turanci, Faransanci yake nufi, domin shi Baturen da ya sani ke nan.

UBANGIDA BIYU, SALO BIYU

Ingilishi sun shiga Borno a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka bar sarakuna a kan kujerunsu suna mulki ta hannunsu. Hausa suka ɗauka harshen aiki a Arewa, har sai da aka wajabta wa jami'ansu cin jarrabawar Hausa. Makarantar da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa aka fara koyarwa a cikinta. Saboda haka kalmomin Ingilishi ta bakin masinja da ɗan doka da leburan reluwe suka shiga, kuma kafin su iso kunnen talaka an riga an sassaƙe su: razdan, di'o, en'e, joji, gwamna, bariki, asibiti, likita, fursuna. Jaridar farko ta Hausa da ta daɗe, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939 Abubakar Imam yana editanta, a cikin sunanta ma akwai aro: Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kwabo daga sunan jan ƙarfe ne da Ingilishi.

Faransawa su kuma daban. Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, hedikwata a Damagaram kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Kumandan da Faransanci yake magana, tafinta yana juyawa. A lakkol Faransanci kaɗai, kuma dattawanmu da suka yi karatu har bayan samun 'yanci suna tuna sambol, abin da ake rataya wa yaron da aka kama yana yaren gidansu. Duk da haka kalmomin sun tsallake katangar bariki sun shigo gari: kumandan, gardi, jandarma, mushe, sarushi, kanto. Gidan kaso da muke faɗa, daga sunan kurkukun Faransawa ne. Kunnen kakanninmu bai raba kalmar Faransanci da ɗan harafin da ke gabanta ba, sai suka haɗiye su tare, shi ya sa muke da lakkol da lanho da laduwan, duka da “la” a goshi.

A duba yadda Hausa take yi wa baƙuwar kalma, ko daga ina ta zo. Ba ta son baƙaƙe biyu su haɗu ba wasali, sai ta raba su: buredi, direba, sukurudireba. Ba ta cika son kalma ta ƙare da baƙi ba, sai ta ƙara mata wutsiya: bokiti, kanti, kotu. Harafin da babu a bakinmu sai ta musanya shi, shi ya sa aka samu fetur da fensir da fam. Sannan ta ba ta jinsi da jam'i irin na gida: mota mace ce, jam'inta motoci, likita, likitoci, jandarma, jandarmomi. Kalmar da aka yi wa haka ta zama 'yar gida, an yi mata suna an yanka rago. Wannan daban yake da abin da ɗan boko yake yi in ya ɗauko jimla sukutum ta Faransanci ko Ingilishi ya dasa a tsakiyar hira. Na farko aro ne da al'umma ta yi gaba ɗaya, kowa yana ganewa. Na biyu tsalle ne tsakanin harsuna biyu, kuma sai wanda ya san duka biyun yake bin sa.

Tunda mun ambaci boko, kalmar da ta zame mana abin da ta zame, yana da kyau a sani: mutane da yawa suna zaton daga sunan littafi da Ingilishi ta fito. Masanin Hausa Paul Newman ya bi diddiginta a 2013 ya nuna tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na ainihi ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Ba duk abin da ya yi kama da baƙo ne baƙo ba.

KASUWA BA TA SAN IYAKA BA

Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agustan 1960, Najeriya ranar 1 ga Oktoba. A 1964 aka yi gyaran da ya mayar da Diffa hedikwatar ɗaya daga cikin manyan yankuna bakwai na ƙasa. Amma Yamai tana nesa da mu fiye da kilomita 1,300, Maiduguri kuwa ga ta nan a bayan kogi. Tattasanmu can yake tafiya, bandar kifin tafki can take tafiya, mai da taki da atamfa da kayan gyaran inji daga can suke zuwa. Kaya kuwa ba ya tafiya shi kaɗai, da sunansa yake zuwa. Shi ya sa makanikin Diffa, ko da ya yi lakkol, za ka ji yana cewa birki, giya, taya, filogi, sitiyari, alhali a takardar motar komai da Faransanci aka rubuta. Direba zai sha fetur a bakin hanya yau, gobe ya sha esansi a gidan mai, duk tanki ɗaya.

Lissafin kuɗi ma tarihi ne mai zaman kansa. Dala ta samo suna daga tsohuwar azurfar Turai da ta zagaya Sahara, irin mai hoton sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jiki, wadda a Borno ake ce wa gursu. A wajenmu dala ta zama tamma biyar, har yau dala ashirin ita ce sefa 100, dala ɗari ita ce 500. Jaka kuwa asalinta jakar wuri ce. A Nijar jika ta tsaya a sefa 1,000, a Najeriya ta zama fam 100, da naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973 sai ta koma naira 200. Fam da sule da sisi da taro sun tafi da zamaninsu, amma sun bar mana magana, har yau mutum yana cewa ba ni da ko sisi, alhali bai taɓa ganin sisin ba. Sefa da aka ƙirƙiro a Disamban 1945, aka karya darajarta da rabi a Janairun 1994, ta daɗe tana zaman kishi da naira a kasuwanninmu, kuma mai tebur a Diffa yana iya juya farashi tsakanin kuɗi biyu da harshe uku kafin ka gama ciro walat.

REDIYO, FIM DA SALULA

Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a watan Maris na 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a farkon shekarun 1960, Muryar Jamus da Muryar Amurka suka shigo, RFI ta buɗe nata sashen Hausa a 2007. Mu kuma ga Muryar Sahel. Waɗannan gidaje sun yi wani aiki da ba a cika yaba musu ba, wato ƙirƙirar kalmomi maimakon aro: Majalisar Ɗinkin Duniya, jirgi mai saukar ungulu, ƙuri'ar raba gardama, zazzaɓin cizon sauro. Sun nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar maganar duniya da ƙafafunta. Ta rediyo ne kuma muka saba da jin abu ɗaya da suna biyu, su ce Ekowas mu ce Sedeyawo, su ce sanata da ciyaman mu ce depite da mer.

Daga 1990 finafinan Kano suka fara fitowa, suka cika gidajenmu ta kaset, daga baya faifai, yanzu kuma memori. Da su aka shigo da salon da 'yan Kano da kansu suka raɗa wa suna Ingausa. 'Yan matanmu da ba su taɓa zama ajin Ingilishi ba suka iya “sori” da “filis” da “anti”. Da wayar hannu ta zo sai aka sake rabuwa biyu: mu salula su hansit, mu rezo su sabis, mu kiredi su kati, mu bipe su filashin. Wuta in ta ɗauke, mu mu ce kuran ta tafi, su su ce an ɗauke nefa, ko da yake hukumar da ke da wannan suna ta daɗe da rushewa. Mu kabu-kabu, su acaɓa.

ABIN DA 2014 TA KAWO

A watan Nuwamban 2014 aka kai hari Malam Fatori da Damasak, a Janairun 2015 aka kai Baga. Dubban mutane suka ƙetaro kogi, wasu da kwalekwale wasu da iyo. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 wutar ta iso Boso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka tsayar da cinikin tattasai da kifi na tsawon lokaci. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibirai. Bayan harin Boso na Yunin 2016 gefen babbar hanyar kwalta ya cika da bukkoki. Sayam Foraj da aka fara da 'yan ɗaruruwa ta girma har ta haura mutum dubu 30. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Cuɗanyar da a da take faruwa ranar kasuwa kawai, yanzu ta koma ta kullum, a layin ruwa, a layin rabon abinci, a makaranta. Ƙungiyoyin agaji su ma suka zo da nasu kalmomin, kowace da fuska biyu. Ma'aikaci ɗan Nijar ya ce HCR da PAM da oenje, ɗan gudun hijira ya ce UNHCR da WFP da enjiyo. Wannan ya ce refuje, wancan ya ce rafuji. A asibiti wannan ya ce palu, wancan ya ce maleriya. Wannan tansiyo, wancan bi-fi. Wannan serom, wancan dirif. Abin da ya cece su duka shi ne Kanuri da Hausa, domin a nan ne zazzaɓi yake zazzaɓi, hawan jini yake hawan jini, ƙarin ruwa yake ƙarin ruwa.

Makaranta ce ta fi nuna girman lamarin. Ƙananan yara aka sa su lakkol irin ta Nijar da Faransanci. Manyan da suka riga suka yi nisa a sakandaren Najeriya kuwa, HCR tare da ƙungiyar COOPI ta Italiya suka buɗe musu cibiyoyin karatu da manhajar ƙasarsu da Ingilishi, har wasu suka je Kano suka rubuta jarrabawa. Sai ga shi a bukka ɗaya wa yana shirin neko, ƙane yana shirin shiga sizyam, uwa tana yi musu faɗa da Kanuri, a waje suna wasa da Hausa, da asuba suna wanke allo. Yaron da aka haifa a Sayam a 2015 yau ya wuce shekara goma. A 2021 shugaba Mohamed Bazoum da gwamnan Borno Babagana Zulum sun yi maganar mayar da 'yan gudun hijira gida, kuma a shekarar ne mutanen Barwa suka fara komawa garinsu. Ranar da yaron nan zai koma Abadam da takardar lakkol a hannu, wane aji za a sa shi? Wanda kuma ya gama karatun Ingilishi ya zauna a nan, wane ofis zai karɓi takardarsa? Wannan tambaya ta fi “donk” da “oke” nauyi nesa ba kusa ba.

Sai maganar suna da muka ce a riƙe. Mutum ɗaya, takardar haihuwarsa ta can ta ce Bukar, katin da aka yi masa a nan ya ce Boukar. A da, da malamin rajista ya dube ka ya san kai ne. Yanzu kwamfuta ce take dubawa, ita kuwa ba ta san kogi ɗaya muka sha ba. Harafi ɗaya yana iya tsayar da jarrabawa, ko kuɗin da aka turo, ko takardar tafiya. Iyakar da Tilho da O'Shee suka kafa da duwatsu ta dawo tana zaune a cikin sunayen 'ya'yanmu.

INA MUKA DOSA?

Nijar ta daɗe tana gwada koyarwa da harsunan gida. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Kanuri. Dokar Disamban 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, cikinsu har da Kanuri da Buduma da Tubanci da Larabci. Sai kuma a watan Maris na 2025 ƙasar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma ranar 26 ga watan aka sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Abin da Yamai ta rubuta a takarda a 2025, kasuwar Diffa ta daɗe tana yin sa. Yaran Sayam da ake tausaya wa saboda sun tashi tsakanin lakkol da firamare, su ne suke riƙe da harsunan ukun a baki ɗaya. In aka kula da su, tafintoci ne da malamai da 'yan kasuwar gobe.

To yanzu mu dawo kan kukan iyaye. A ganinmu, foraj da bohol da salula ba su ne abin tsoro ba. Harshen da ya haɗiye Larabci da Kanuri bai shaƙe ba, ba zai shaƙe da waɗannan ba. Abin tsoro iri biyu ne.

Na farko, a yi amfani da harshe a rufe wa mutum ƙofa. Tsohuwa ta zo asibiti a yi mata bayanin magani rabi da Faransanci, ta gyaɗa kai don kunya, ta koma gida ta sha ba daidai ba. A tara manoman tattasai taro a kan ruwa da taki, masu ilimi su yi ta tsalle tsakanin harsuna, mai gonar ya tashi bai san me aka yanke a kansa ba. Ɗan boko da ya iya harshe huɗu amma ya kasa yi wa mahaifiyarsa bayanin takardar da ta dangwala wa hannu, iliminsa bai gama amfani ba. In kana tare da abokanka, cuɗa yadda ka ga dama. In kana gaban wanda bai yi lakkol ba, kuma maganar ta shafi lafiyarsa ko gonarsa ko haƙƙinsa, to sauko ka yi masa da harshen da yake mafarki da shi.

Na biyu, kuma wannan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya: a nan Diffa harshen da ya fi cin sauran ba Ingilishi ba ne ba kuma Faransanci ba, Hausa ce, wannan da muke magana da ita yanzu. Gidaje nawa ne a cikin gari iyaye suke Kanuri yara suna amsawa da Hausa? Yaran Buduma da aka raba da tafki tun 2015, wa zai koya musu sunayen kifi da na ciyayin ruwa da na iskokin da iyayensu suke tuƙa jirgi da su? Kalmar mota ko ta waya in ta ɓace, gobe za a aro wata. Sunan ciyawar da ke kashe saniya da wadda ke sa ta nono, in ya tafi da tsoho, babu kantin da ake sayo shi. Ɗaukaka Hausa abin farin ciki ne, amma harshen da ya ba Hausa karatu da rubutu bai cancanci a bar shi a bakin tsofaffi kaɗai ba.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Iyaye, a yi wa yaro harshen gida a gida, Hausar titi da Faransancin lakkol za su same shi ko ba a kira su ba. Masu yin rajista da iyayen yara, a duba rubutun suna tun ranar farko, a tabbatar iri ɗaya ne a kowace takarda. Hukumomin ilimi na ƙasashen biyu, a sama wa yaran da suka yi karatu a ƙetare hanyar da za a gane takardunsu. Matasa masu salula kuma, wayar da kuke ɗaukar hoto da ita tana ɗaukar murya: ku zauna da kakanninku ku naɗi tatsuniya da kirari da sunayen abubuwa tun suna raye.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa Komadugu ya koma mashigin zumunci kamar yadda kakanninmu suka san shi.